Yadda Ake Mayar da Ramin Haƙar Ma'adinai Gona

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dutse, ko ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Kazaure, ba zai rasa ganin manyan ramuka a gefen titi ba, waɗanda aka kwashe marmara ko yashi ko tsakuwa daga cikinsu, aka tafi aka bar su baki buɗe. Da damina su cika da ruwa su zama kududdufi, da rani kuma su koma jan fako wanda ko tumfafiya sai ta yi da gaske take kama shi. Mafi yawansu gonakin mutane ne a da, kuma da an bi ƙa'ida tun farko, da yau ana yankan gero a kansu.

Ba a san ƙasar Kano da Jigawa da haƙar kwal ba. Kwal ɗin Nijeriya yana Inugu, inda aka gano shi a 1909 aka fara haƙarsa a 1916, da Okaba a jihar Kogi, da Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda ake haƙo wanda masana'antar siminti ta Ashaka take ƙonawa. Abin da muke da shi a nan shi ne kuza a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, da duwatsun da ake fasawa, da marmara da yashi da yumɓu. Sai dai ilimin gyaran ƙasa bayan haƙa a mahaƙun kwal ya bunƙasa, domin a can ne ɓarnar ta fi muni har ta tilasta wa hukumomi kafa dokoki masu tsauri, kuma hanyoyin da aka gwada a can suna aiki a kan ramin marmara kamar yadda suke aiki a kan ramin kwal. Babban darasin da aka koya shi ne cewa gyaran fili yana farawa ne tun kafin a sauke katafila daga kan tirela. Tun ran gini tun ran zane.

Abin da ake yi kafin a sara ƙasa

Ya kamata mutanen gari su fara da sanin matsayinsu a doka. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, saboda haka mai gona ba shi da ikon abin da ke cikin cikinta, amma yana da haƙƙi a kan samanta da amfaninta da itatuwanta. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta sa yashi da marmara da tsakuwa da dutse cikin abubuwan da ake nema wa lasisi, kuma ofishin da ke ba da lasisin a Abuja yana neman takardar amincewar mai fili ko wanda ke zaune a kansa. Wannan takarda ita ce sandar da ke hannun manomi, kuma ranar da ya sa mata hannu ba tare da sharaɗi ba, ya miƙa sandar ke nan. Dokar ta kuma keɓe wurare irin su cikin gari da kasuwa da maƙabarta, ta hana a yi haƙa a cikinsu.

Idan mai haƙa ya zo, dagaci da masu gonaki su nemi ganin abubuwa uku a rubuce. Na farko lasisinsa, tare da taswirar da ke nuna iyakar wurin da aka ba shi, domin an sha ganin wanda aka ba kadada kaɗan ya miƙe ƙafa har cikin burtali. Na biyu, idan aikin babba ne, rahoton nazarin tasirinsa ga muhalli wanda dokar 1992 ta wajabta; ana baje wannan rahoto na kwana 21 na aiki domin jama'a su karanta su rubuta ƙorafinsu, kuma bai kamata gari ya bar kwanakin su wuce ba tare da ya tura ɗalibansa da malamansa sun duba shi ba. Na uku tsarin kare muhalli da gyaran fili, wanda doka ta ce a miƙa wa sashen kula da bin ƙa'idojin muhalli na ma'aikatar ma'adinai kafin a fara aiki.

Sai kuma Yarjejeniyar Raya Al'umma, wadda sashe na 116 na dokar 2007 ya ce a ƙulla da mutanen wurin kafin a fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. A nan ne nake ganin muna yin sakaci. Idan an zauna a ƙofar gidan dagaci, maganar da ke cinye lokaci ita ce rijiyar burtsatse da ajujuwan makaranta da ɗaukar samari aikin gadi. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, amma famfo yakan lalace cikin 'yan shekaru, rami kuwa jikoki za su gada. Ya kamata a rubuta a cikin yarjejeniyar zurfin da za a haƙa, da inda za a ajiye ƙasar sama, da yadda za a bar wurin a ƙarshe, ko gona ko makiyaya ko tafki, da wanda zai duba ya ce gyara ya yi.

Alkawarin da babu kuɗi a bayansa ba ya cike rami. A Amurka, dokar haƙar kwal ta 1977 ta wajabta wa kamfani ya ajiye kuɗin jingina da zai isa a gyara wurin ko da shi ya gudu, kuma ba a mayar masa da kuɗin sai kashi-kashi, gwargwadon yadda gyaran ya tabbata. Dokarmu ta 2007 ma ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki, amma gari mai hankali ba zai dogara da asusun da ba ya gani ba. Abin da ya fi sauƙi a ƙauye shi ne a yanke wani adadi a kan kowace tifa da ta fita, a riƙa zuba shi a asusun banki mai sa hannun mutum uku, wakilin mai haƙa da wakilin masu gonaki da wakilin dagaci, kada a taɓa shi sai don aikin gyaran fili. A ɗora wani yaro mai amana ya riƙa rubuta lambar kowace mota da lokacin fitarta.

Kafin a fara, a ɗauki shaidar yadda wurin yake. A zagaya iyaka da mai unguwa da liman da malamin gona, a ɗauki hotuna da waya daga kusurwa huɗu, a ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, gawo nawa, ɗorawa nawa, kuka nawa, tsamiya nawa. A rubuta dami nawa na gero ko dawa gonar ta ba da a shekaru uku da suka wuce. A zura igiyar guga a rijiyoyin da ke kusa a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, a auna gaba nawa ake kai wa ruwa. Idan da hali, a ɗebi ƙasa da ruwa a kai gwaji a Jami'ar Bayero ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Ranar da gardama ta tashi, wannan takarda ce za ta yi magana, domin mai haƙa zai iya cewa dama can wurin fako ne.

Ƙasar sama

Idan mai karatu zai riƙe abu ɗaya daga wannan bayani, to ya riƙe wannan. Ƙasar da ke ciyar da shuka ba ta wuce taƙi ɗaya zuwa biyu daga sama ba, wato kimanin santimita 15 zuwa 30 a yawancin gonakinmu. A cikinta ne ruɓaɓɓen taki yake, da irin ciyawa, da tana da gara, da ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda ke narkar da abinci su miƙa wa saiwa. Abin da ke ƙarƙashinta jar ƙasa ce ko marmara, tana riƙe saiwa amma ba ta da abin ba ta. Ƙasar sama ba ta samuwa cikin shekara goma ko ashirin. Aikin ɗaruruwan shekaru ce, sai kuma wahalar manomin da ya yi ta kai mata taki.

Na ga yadda ake asararta da idona a gonar wani kawuna, lokacin da wani ɗan kwangilar hanya ya sayi marmarar da ke ƙarƙashinta. Da sassafe muka tarar direban katafila ya riga ya kafa wuƙarsa, yana tura baƙar ƙasar da jar gaba ɗaya zuwa wani kwari da ke gefe. Kawu ya ɗaga masa sanda ya tsaya, ya ce, "Yaro, wannan baƙar da kake turawa kwari, shekara arba'in ina kai mata taki a kan jaki." Direban ya cire hularsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni an ce in buɗe wuri ne, ba a ce in ware komai ba." Gaskiyarsa ce, domin babu wanda ya rubuta hakan, kuma ware ƙasar ba zai ci masa fiye da wuni ɗaya ba. Bayan an gama, an ture ƙasa an rufe rabin ramin, sai dai jar ce ta zo sama, baƙar tana can ƙasa inda garma ba ta kai wa. Geron da aka shuka a damina ta farko ya fito rawaya, bai wuce gwiwa ba ya tsaya.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Idan kaurin ƙasar sama santimita 20 ne, hekta ɗaya tana ɗauke da mita 2,000 na awon cikin akwati (akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne), wato tifa 200 idan kowace tifa tana cin mita 10. Wanda ya binne ta, sai ya sayo tifa 200 daga gonar wani kafin ya mayar da abin da ya ɓata, ita kuma waccan gonar ta zama sabon fako.

Yadda ake yi shi ne a fara haƙa ƙananan ramukan gwaji da shebur a wurare da dama, a duba inda launin ƙasa ya sauya daga duhu zuwa ja, a nuna wa direba wannan zurfi. A kankare ƙasar sama ita kaɗai a tara ta gefe guda, sannan a kankare ta ƙarƙashinta a tara ta daban, sannan duwatsu da tarkace su ma daban. Tsibi uku ke nan, kuma kada a bari su haɗu. A yi wannan aiki lokacin da ƙasa take a bushe ko da ɗan danshi kaɗan, domin idan aka tattake ta tana jiƙe takan dunƙule ta zama kamar tubali. Tsibin ƙasar sama kada ya wuce mita biyu a tsayi. Gara ya yi faɗi da ya yi tudu, saboda abin da ke can tsakiyar babban tsibi ba ya samun iska, halittun cikinsa sukan mutu. A ajiye shi a kan tudu nesa da hanyar ruwa da hanyar motoci, a watsa masa wake ko ciyawa da ruwan farko domin iskar bazara da ruwan sama kada su kwashe shi, a kuma kafa masa alama. Wannan alama tana da dalili: masu tifa da masu gini sukan ga tsibi a sake su ɗauka ba shi da mai shi.

Abin da ya fi ajiya kyau shi ne kada a ajiye ta da daɗewa. A manyan mahaƙun kwal ana yanka fili ne layi-layi: idan an buɗe layi na biyu, tarkacensa ake zubawa a ramin layi na farko, ƙasar samansa kuma a shimfiɗa ta kai tsaye a kan wanda aka cike. Ta haka ramin yana tafiya gaba, gyara yana bin sa a baya, kuma a kowane lokaci abin da ke buɗe kaɗan ne. Ana iya yin wannan ko a fili mai kadada biyu. Sharaɗin da za a rubuta gajere ne: ba za a buɗe layi na uku ba sai an rufe na farko.

Ruwa da ƙura yayin da ake aiki

A haƙa magudana a gefen da ruwa ke gangarowa, domin ruwan sama mai tsabta ya zagaye wurin aikin maimakon ya ratsa ta cikinsa. Ruwan da ya faɗi a cikin wurin kuma a tattara shi a wani ƙaramin tafki a can ƙasa, ya kwanta laka ta zauna kafin a sake shi, in ba haka ba jar laka za ta bi rafi ta binne fadamar masu lambu. A riƙa yashe tafkin kafin kowace damina.

Akwai wata cuta da mahaƙun kwal suka yi suna da ita, kuma ta shafi duk inda ake haƙo ma'adinan ƙarfe. A cikin wasu duwatsu akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinare, haɗin ƙarfe da ƙibiritu, wato farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa, amma da zarar ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da ruwa mai tsananin tsami, wanda ke narkar da ƙarafa masu guba daga dutse ya kwashe su zuwa rafi. Alamarsa ita ce ruwa mai launin tsatsa da ke barin rawayar laka a kan duwatsu, kifi da kwaɗi su ɓace. An daɗe ana ganin irin wannan ruwa yana fitowa daga tsofaffin mahaƙun Inugu yana shiga kogin Ekulu, shekaru bayan an daina aiki a cikinsu. Ramin marmara da na yashi ba su cika samun wannan matsala ba, amma mutanen da ke kusa da tsofaffin ramukan kuza su sa ido. Akwai 'yar takardar gwajin tsami da ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaji. Idan ta nuna ƙasa da 6 a ruwan da ke fita daga wurin, a kai rahoto. Maganinsa shi ne a ware irin wannan dutse tun ana haƙa, a binne shi a can ƙasan rami, a daddanne, a rufe da yumɓu mai kauri yadda iska da ruwa ba za su kai gare shi ba, a kuma cakuɗa shi da garin farar ƙasa irin wanda ake sa wa gona mai tsami. Tarkacen kwal yana da ƙarin haɗari, domin tsibinsa yakan kama wuta da kansa, shi ya sa ake shimfiɗa shi sirara a danne a rufe.

Kada a yarda a kawo dutsen ma'adini cikin gida a daka ko a niƙa. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara sanadin gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida, kuma gyaran da aka yi a garuruwa irin su Dareta da Bagega shi ne kankare ƙasar gidaje da tituna, a binne ta, a kawo sabuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙurar hanya kuwa maganinta tankar ruwa safe da yamma, da rufe bayan tifa da tamfol. Idan ana fasa dutse da nakiya, a tsayar da lokaci guda da kowa ya sani, a busa ƙaho kafin a tayar. Idan mai haƙa ya ƙi ji, a rubuta ƙorafi ta hannun hakimi zuwa ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke jihar, da kwamitin ma'adinai da muhalli na jiha, da hukumar NESREA mai sa ido kan bin dokokin muhalli, a kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Cikewa da daidaita fili

Ana mayar da ƙasa ne bisa tsarin da aka same ta: duwatsu da tarkace a ƙasa, jar ƙasa a tsakiya, ƙasar sama a ƙarshe. A riƙa zubawa hawa-hawa ana dannewa, kada a juye gaba ɗaya, kuma a bar wurin ya ɗan yi tozo, domin sabon ciko yakan zauna bayan ruwa ya ratsa shi. Idan da hali, a bar damina ɗaya ta wuce a kan jar ƙasar, a cike inda ya lotsa, sannan a shimfiɗa ta sama.

Sau da yawa abin da ya rage ba zai cike ramin ba, tunda an sayar da cikinsa. A nan abin yi shi ne a karya gaɓar. Bango a tsaye shi ne ke ruftawa da masu ɗiban ƙasa, shi ne kuma ke zama bakin kwazazzabo. A kwantar da shi yadda duk zurfin mita ɗaya zai samu faɗin mita uku, wato ramin da ya kai mita uku gangarensa ya miƙe mita tara. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne saniya ta sauka ta hau ba tare da an kora ta ba. Idan an yanke shawarar barin wani sashe ya zama tafkin shayar da dabbobi ko noman rani, a yi masa mashaya mai sauƙin gangare, a shinge sauran gefen, a gwada ruwan kafin a bari a sha, a kuma tuna cewa ruwan da ke kwance yana tara sauro da tsargiya. Tsofaffin tafkunan kuza da suka cika ƙasar Jos sun isa misalin abin da ke faruwa idan aka bar rami ya zama tafki da kansa. Ramuka masu zurfi irin na rijiya kuwa, a cike su har baki da dutse da ƙasa. Rufe baki da itace da yayi tarko ne ga yaran da za a haifa nan gaba.

Akwai wani mataki da ake yawan tsallakewa. Inda manyan motoci suka yi ta bi, ƙasa takan daskare yadda ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta hudawa. Kafin a shimfiɗa ƙasar sama, a sa katafila ta ja haƙoranta na baya ta tsaga wurin zurfin rabin mita ko fiye, tana bin kwancen gangare, ba daga sama zuwa ƙasa ba, domin kowace tsaga ta zama matarar ruwa. Bayan an shimfiɗa ƙasar sama kuma, kada mota ta sake hawa.

Shuka da rainon wuri

A daidaita aikin yadda shimfiɗa ƙasar sama zai ƙare dab da faɗuwar damina, domin ƙasar da aka bari tsirara tun daga hunturu iska ce za ta gaje ta. A zuba takin gargajiya da yawa, a rufe da karan dawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa. A gangare a yi ramuka masu siffar rabin wata da ƙananan ramukan tassa masu tare ruwa, irin waɗanda manoman Nijar suka farfaɗo da fako da su, a jera duwatsu a kwance, a dasa jema ko gamba layi-layi su riƙe ƙasa.

Shekarar farko ba ta hatsi ba ce. A fara da wake da gyaɗa da ciyawa, a bar harawar ta ruɓe a wurin maimakon a kwashe ta, ko da yake na san wannan shawara tana da ɗaci ga mai tumaki a watan bazara. A itatuwa a zaɓi waɗanda suka saba da wahalar ƙasarmu: bagaruwa da daƙwara da aduwa da magarya a gangare, gawo a inda za a yi noma, tunda yana zubar da ganye da damina ba ya tare wa shuka rana. Sabara da kalgo idan suka tsiro da kansu a bar su, a rage musu rassa kawai. Masu kwangila suna son turare saboda yana saurin tashi ya yi kyau a hoto, amma yana shan ruwa da yawa kuma amfanin gona ba ya jin daɗi a gindinsa. Idan wurin tsohon ramin ma'adinin ƙarfe ne, kada a shuka alayyahu ko latas ko wani abin da ake cin ganyensa sai an gwada ƙasar an tabbatar babu guba.

Akuya ɗaya tana iya cinye aikin shekara cikin mako guda. A yi shinge da ƙaya ko cin-da-zugu, a ɗauki mai gadi daga kuɗin asusun nan, a kuma zauna da ardo tun da wuri a nuna masa iyaka, a yi masa alkawarin yankan ciyawa idan ta kai, domin makiyayin da aka ba rabo ya fi shinge tsaro. Ramukan da masu su suka daɗe da gudu kuwa, gari na iya gyara su da gayya sashe-sashe, ya kuma nemi dashe da shawara daga ofishin ACReSAL, shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ko na hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, waɗanda duka suna aiki a Kano da Jigawa.

Karɓar fili

Kore a watan Agusta ba shaida ba ce, domin a lokacin ko kan bango ciyawa tana fitowa. Dokar Amurka da aka ambata tana riƙe kamfani da alhakin shukar har shekara biyar bayan aikin ƙarshe da ya yi mata, a wuraren da ruwan shekara bai wuce inci 26 ba kuma, wato kimanin milimita 660, shekara goma. Arewacin Jigawa ya fi kama da kashi na biyu. A ganina, gari kada ya saki ragowar kuɗin asusun nan kafin damina uku a jere, kuma a yi duban a watan Afrilu, lokacin da abin da zai mutu ya riga ya mutu. A fito da takardar nan ta farko, a kira shaidun da suka zagaya iyaka. A ƙirga itatuwan da suka rayu, a sake dasa gurbin waɗanda suka bushe. A bi gangare a duba ko ruwa ya fara yanka hanya. A zura igiyar guga a rijiyoyin da aka auna. A kwatanta damin da gonar ta ba da da na maƙwabciyarta da ba a taɓa ba, iri ɗaya, taki ɗaya. A ƙarshe a haƙa rami da shebur a wurare biyar da mai gona ya zaɓa da kansa, a auna kaurin baƙar ƙasa da taƙi, a rubuta abin da aka samu, sannan mai gona da dagaci da wakilin mai haƙa su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa.